Baba Ya Tare a Ɗakin Gwaji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki, Ya sa kina cikin ni'ima. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. A shafina na intanet zan sa ta, abokan karatuna da waɗansu da ban taɓa gani ba za su karanta, amma da ke nake magana, su 'yan saurare ne. Tsoro nake ji, Inna, kuma tun da kika tafi ban sami wanda zan faɗa wa haka kai tsaye ba.

Bari in ɗauko miki daga inda kika bar ni. Kin rasu ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun zanen gine-gine, wanda kike ce wa "aikin magina na masu takalmi." Na gama, na yi hidimar ƙasa, na koma digiri na biyu. A wannan matakin ba a tambayar mutum abin da ya haddace. Kowane ɗalibi zai zaɓi matsala guda ya zana mata gini, sannan ya yi ta kare zanen a gaban malamai har su gaji ko shi ya gaji.

Da kin ga ɗakin zanenmu da kin yi dariya. Wani ya zana kasuwa mai hawa bisa hawa, bangonta duk gilashi, wai a zafin ranar Kano, ban san wanda zai yarda ya kasa manja a ciki ba. Wata ta zana asibitin yara da lambu a tsakiya, shi kam ya yi kyau ƙwarai. Wani tashar mota, wani ɗakin karatu. Duk a kwamfuta suke, sai ƙananan samfurin da muke yankawa da kwali. Idan ginin kwali ya rushe, gam ake nema a liƙe, a ci gaba da hira.

Malamin da yake duba aikina wani dattijon farfesa ne mai sanyin murya. Shi a wurinsa gini amsa ce, kuma wanda bai ji tambayar ba kada ya ɗauki fensir. Yakan ce a fara da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa da mutanen da za su shiga, a bar hoto ya zo daga baya. Akwai maganarsa guda da duk ajinmu ya haddace: "Duk layin da ka ja a takarda, wata rana wani zai kwanta a ƙarƙashinsa." Mun rubuta ta a bango, muna jin daɗinta kamar yadda ake jin daɗin karin magana. Ni ma a lokacin adon zance na ɗauke ta.

A ajin kullum ana musu. Waɗansu su ce ginin ƙasa talauci ne da aka shafa wa farar ƙasa, waɗansu su ce shi ne gadonmu da muka zubar. Ni ban shiga ko ɗaya ba, don ba gado na je nema ba. Sanyi nake nema.

Kin tuna bazarar jinyarki? Kina kwance a ɗakin kwano, mu jiƙa zani mu rataya a taga, kafin a idar da azahar ya bushe. Kika riƙa cewa, "Kwanon nan dafa ni yake yi." Mukan tallabo ki zuwa gindin dalbejiya, sai kuma ƙuda su hana ki sakewa. Sau da yawa kina ambaton soron Kaka, yadda ruwan randa yake yin sanyi a cikinsa ko da tsakar rana. Amma gara ta cinye azararsa, giginyar da za a tsaga a yi sabuwa kuma ta yi wuya a duk ƙasar Kibiya, shi ya sa kowa ya koma kwano.

To wannan ce tambayata. Za a iya yin soro babu azara? Na shekara ina lissafi. A matse jar ƙasa da inji, a sa mata ɗan siminti, a jera bulon a lanƙwashe kamar baka, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa har su haɗu a sama su riƙe juna. Farfesa ya duba zanen da kyau, sannan ya ce takarda ba ta isa ba. In gina ɗaki guda cikakke, a ɗora masa buhunan yashi a kai, a bar shi babu kowa har damina ta wuce, ina auna zafi, ina duba tsaga. Idan ya tsaya, madalla. Idan ya faɗi, ya ce, rushewa ma sakamako ce, sai a rubuta dalili.

Ba ni da fili sai na gidanmu a Tarai, bayan rumbu, inda kike shanya kuɓewa. Kin san kuwa yadda muke da Baba. Ni 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallona ido cikin ido ba, idan na gaishe shi bango yake amsa wa. Ke ma kina da taki kunyar, "ke wannan" kike ce mini, amma ke kina satar hanya. In faɗi buƙatata a madafa muna tankaɗe, kafin gari ya waye amsar Baba ta dawo ta bakinki. Da kika tafi, hanyar ta toshe. Sai idan ƙanwarsa, Goggo Asabe, ta zo daga Unguwar Gai sannan magana take wucewa tsakaninmu. Ita na aika. Amsar da ta kawo gajera ce: "Ƙasa ta Allah ce, a gina."

Da rani muka yi aikin, ni da Malam Sule magini daga Rano da mutanensa. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo. Majalisar ƙofar masallaci kuwa ta sami abin taɓawa. Wani ya ce, "Ba azara, ba kwano, ba ƙarfe. Da me zai tsaya, da Turanci?" Wannan ni ma ta ba ni dariya. Wadda ba ta ba ni dariya ba ita ce ta wani dattijo da ya dubi lanƙwasar rufin ya ce, "'Yar boko ta gina wa ubanta kushewa tun yana raye." Baba yana zaune a wurin. Goggo ta ce an gaya mata carbinsa kawai ya ci gaba da ja.

Ranar da aka zare katakon da ya tallafe rufin, ina tsaye ina kallo. Rufin ya tsaya. Na shiga da tsakar rana na zauna a ƙasa, sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki. Daga nan aka ɗora buhunan yashi, na sa kwaɗo na kulle. Na yi wa Goggo bayani dalla-dalla cewa ɗakin gwaji ne, kada kowa ya kwana a ciki sai bayan kaka. Mukullin kuwa na ba ta ta kai wa Baba, don maigida ake ba mukulli, wa kuma zan ba?

Ban daɗe da komawa makaranta ba Goggo ta kira ni. Baba ya tare. Ya sa an sauke buhunan an tare bakin ƙofar gida da su saboda ruwa, ya shigar da gadonsa da buzunsa da rediyonsa. Goggo ta rantse ta isar da saƙona yadda na faɗa, kuma ya fahimta sarai. Abin da ya ce shi ne, "Ba a gwada ɗaki da buhun yashi, da mutum ake gwada shi." Ya ƙara da cewa damin farko na uba ne. Ɗan wane ya dire albashinsa na farko a gaban ubansa, ɗan wane ya kawo buhun farko na gonarsa don a sa masa albarka. "Ni tawa ɗaki ta kawo. In bar shi ga ƙadangaru?"

Inna, wannan ne yabo na farko da na taɓa ji daga Baba, shi ma ta bakin wani. Na yi ta murmushi ni kaɗai a ɗakin zane kamar wadda aka yi wa albishir. Sai idona ya sauka a kan maganar farfesa da muka rubuta a bango, murmushin ya tsaya.

Ki fahimce ni, ba cewa nake yi aikina ba shi da kyau ba. Na san abin da na lissafa, na kuma san abin da ban sani ba, shi ya sa ake gwajin. Rufin baka tura bango yake yi waje, dare da rana. Muddin bangon yana da ƙarfi, lafiya lau. Abin da ba wanda ya sani shi ne yadda wannan bulon zai yi idan marka ta zauna, ruwa ya yi ta jiƙa gindin bango babu rana. Idan gindin ya yi laushi bangon ya buɗe ko da kaɗan, rufin gaba ɗaya zai sauko. Soron azara yakan yi ƙara, ya zubo da ƙasa, ya ba mutum damar ɗaukar takalminsa. Nawa ba zai yi sallama ba.

Na faɗa wa farfesa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta sauya haka ba. Ya ce digiri yana iya jira, a fitar da tsohon nan ko ta halin ƙaƙa, har ya ce zai shiga mota ya je da kansa. Na roƙe shi ya bari. Baƙo ya zo daga birni ya fitar da maigida daga ɗakinsa a idon gari, ai ranar nan Baba zai sa a toshe ƙofar yana ciki. Farfesa ya ce ni na san mutanena, amma in yi sauri.

Bayan ruwan shuka na zo gida na tarar da tsaga a bangon gabas, siririya kamar zare, daidai inda rufi ya haɗu da bango. Na manna ɗan ɓallin gilashi a kanta, yadda aka koya mana. Idan tsagar tana tsaye, gilashin zai zauna lafiya, idan tana buɗewa zai fashe. Da na sake dawowa na tarar ya rabu biyu.

Na kira Malam Sule muka kafa tokara a ciki Baba yana gona. Washegari na ga itacen a garken awaki. Saƙo ya zo ta bakin Goggo: "Tsoho ake ba sanda. Idan aka ga tokara a sabon ɗaki, masu magana sun ci." Goggo ta yi nata roƙon har da hawaye. Na sa aka yi wa liman magana, ya same shi bayan sallah, Baba ya ce masa ajali ba ya tambayar irin rufi. Liman ya ƙyale shi, don gaskiya ce. Ni ma na yarda da ƙaddara, Inna. Amma a ƙasan kowane zanen ɗakin nan akwai sa hannuna, kuma ba na so ajalin Baba ya biyo ta nan.

Abinci ya daina shiga. Ina zaune a aji, da na ga gabas ta yi duhu sai in fita in kira Goggo in tambaye ta ko ana ruwa a Tarai, alhali ita tana Unguwar Gai. Abokan karatuna suna ta faɗa da malamai a kan launin bango da faɗin taga, ni ina kallon su ina jin haushinsu ba su yi mini komai ba.

Ke kika fitar da ni, ko da ba kya nan. Na tuna ranar da Baba ya kafe sai ya je gona da zazzaɓi a jikinsa. Ba ki yi musu da shi ba. Kika aika aka kira surukinsa, kawunki, ya zo ya zauna a zaure, Baba kuwa ba zai iya ratsa gaban suruki da fartanya ya bar shi zaune ba, dole ya wuni a gida. Da yamma kika ce mini, kina dariya ƙasa-ƙasa, "Ubanki ba a tura shi, kewaye shi ake yi."

Da marka ta kama sai na taho gida. Na jira ya tafi gona, na ɗauki tabarmata da akwatina na shiga ɗakin, na jera takalmana a bakin ƙofa inda ba zai kasa gani ba. Ya dawo, na ji takunsa ya zo ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ba zai shiga ɗakin da 'yarsa ta fari ta shimfiɗa tabarma ba, ni da shi duk mun san haka. Ya juya ya koma zaure, ya aiko aka kwashe masa buzu da bargo da rediyo. A gari kuwa na sa Goggo ta baza cewa mai aikin ce ta zo ta auna aikinta da kanta, don kada a ce Baba ya gudu.

Na yi nasara, sai dai yanzu ni ce a ƙarƙashin layin da na ja. Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, ni ba jaruma ba ce. Kowane bulo a rufin nan na san shi, waɗansu da hannuna na miƙa su, amma idan na kwanta na dube su sai in ga baƙi. Ƙadangare ya gudu a sama, gabana ya faɗi. Indararo ya yi ta zubar da ruwa, ni ina shafa gindin bango ina jin damshin yana hawa. Na matsar da tabarmata kusa da ƙofa, na daina rufe ta. Duk lokacin da na leƙa, Baba yana zaune a bakin zaure ta ciki, inda bai saba zama ba, fuskarsa tana kallon rumbu.

Shekaranjiya aka tashi da ruwa, bai ɗauke ba har bayan la'asar. Ina zaune ina rubuta awon ranar sai wani ɓangaren yaɓe ya ɓalle daga wajen tsagar ya faɗo kan akwatina da ƙara. Na zauna ina kallon inda ya ɓalle. Sai na ji an kira, "Rabi." Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin ta ɗauke da wannan sunan ba. Aka sake cewa, "Rabi, fito."

Yana tsaye a tsakar gida cikin ruwa, babu hula, babu takalmi. Na fito na durƙusa a cikin taɓo. Bai dube ni ba. Ya wuce ni ya shiga ɗakin, ya fito da akwatina da tabarmata da kansa, ya ja ƙofar ya datse kwaɗon. Ya ce wa ƙofar, "Ya isa." Sannan ya jefa mukullin a aljihu ya koma zaure.

Rufin bai faɗi ba, yaɓe ne kawai. Amma a ranar na gane abin da ya fi tsagar ba ni tsoro. Baba ya sani. Tun farko ya ga tsagar, ya ga gilashin da ya rabu, ya san abin da tokara take nufi. Ba jahilci ba ne ya kwantar da shi a wurin. Ya auna ransa da mutuncina a bakin majalisa, ya zaɓi mutuncina, ya riƙa kwanciya yana kallon rufin da yake zaton zai iya danne shi. Da aka ce ni ce a ciki, abin da ya jure wa kansa ya kasa jure mini.

Goggo ta ce in gode wa Allah, magana ta ƙare. Ni ban ga ƙarewarta ba. Gadonsa yana ciki har yanzu, bai ce a fito da shi ba. Majalisa ta riga ta fara, wai mai ɗaki da 'yarsa duk sun tsere sun bar wa iska. Yau da safe na gan shi ya kewaya ɗakin, hannu a baya, ya tsaya a ƙofar ya taɓa kwaɗon. Ban sani ba ko ya kulle wa kowa ne, ko ni kaɗai ya kulle wa. Gobe dole in koma makaranta, malamai za su zauna a kan aikina. Marka ba ta wuce ba, kuma mukullin yana aljihunsa.

Dabarata ta ƙare, Inna. Na kewaye shi sau ɗaya, ba zai sake kewayuwa ba. Abin da ya rage shi ne abin da ban taɓa yi ba. Gobe kafin in shiga motar Rano zan je zaure in durƙusa a gabansa, babu Goggo, babu liman, in ce masa ya riga ya sa wa aikina albarka, na ji, ya isa, in roƙe shi ya ba ni mukullin. Shi ya fara buɗe hanyar da ya kira sunana, wataƙila ba ta rufe ba tukuna. Amma 'ya ba ta tambayar ubanta mukullin gidansa, kuma ban san irin muryar da ake yin wannan magana da ita ba. Ke kika sani. Shekara da shekaru kina kai masa maganata ta dawo da amsa, ban taɓa tambayar ki yadda kike farawa ba. Innata, da ma kina madafa in zo in faɗa miki muna tankaɗe.

Ya Allah Ka jiƙan Inna, Ka sanyaya kabarinta, Ka ba ta inuwar da muka kasa ba ta a duniya. Ka warware harshena gobe, Ka tausasa zuciyar Baba ya miƙo hannu. Ka riƙe rufin nan har kaka, ba don digirina ba. Idan kuwa Ka ƙaddara faɗuwarsa, ya Allah, Ka sa ya faɗi babu kowa a ciki. Amin.

Wassalam. Daga 'yarki ta fari, "ke wannan" ɗinki, wadda sai shekaranjiya ta ji yadda sunanta yake a bakin ubanta,

Rabi
Tarai, Kibiya